Ruwan Wani Gari

Auta ta shigo gida da la'asar sakaliya, fartanya a kafaɗa, ƙafafunta futu-futu da ƙura. Ko sallamar kirki ba ta iya yi ba. Ta jingine fartanyar a jikin rumbu, ta durƙusa a gaban Inna, uwar mijinta, wadda ke zaune bisa tabarma ta miƙe ƙafafunta masu ciwo. Ta kwance bakin zaninta ta zazzage abin da ta ƙullo. Tsiron masara ne, 'yan firit-firit, sun ƙanƙance sun bushe, kana murzawa suna zama gari.

"Duka?" in ji Inna.

"Duka, Inna. Har na wajen kwari."

Inna ba ta yi faɗa ba, da kuwa ta yi, da abin ya fi sauƙi. Ta ɗauki tsiro guda ta yi ta juya shi a tafin hannunta. Ana cikin haka sai wayar da ke soke a ƙugun Auta ta yi ƙara. Garin kashe ta, ta danna inda bai kamata ba, sai ga muryar nan ta mace mai zaƙi ta fito tar: "Sannunku manoma! Gobe ma ana sa ran ruwa mai yawa a yankinku, a gyara hanyar ruwa a gona."

Inna ta ɗaga kai ta dubi sama. Wasai take, ko ɗigon gajimare babu.

"Gaya wa ƙawar taki ta yi mana shiru haka nan," ta ce. "Mun gode."

Ba asarar shuka ce kawai ta sa gidan ya yi tsit ba. Irin nan na marigayi mijin Inna ne, mahaifin Dogo wanda Auta ke aure. Farar masara ce mai ratsin ja a kowace ƙwaya, in ta kama ƙasa tana jure fari, kuma ko ka zagaye kasuwa ba za ka same ta ba. Tun da tsohon ya kwanta dama, Inna ce ke zaɓen goyon da ya fi cika kowace kaka, ta ɓare da hannunta, ta gauraya da toka, ta zuba a tukunyar ƙasa ta liƙe bakin da laka. Bana da gwiwoyinta suka ce sun gaji, sai ta kira surukarta ta ɗora mata tukunyar a cinya. Wanda ya san Inna ya san ba ƙaramin abu ta yi ba.

Ita kuwa wayar, kyautar soyayya ce. Dogo makanikin babur ne a bakin titi, irin mazan nan da bakinsu ke nauyin furta kalmar so, sai dai ki wayi gari ki tarar ƙofar da ke ƙara ta daina. Ya ga matarsa na son noma kamar me, ya kuma ji ana cewa akwai wani sabis da ke gaya wa manoma lokacin ruwa da maganin tsutsa, da baki yake faɗa, ba sai ka iya karatu ba. Ya haƙura da shayin bakin gareji, ya ci gaba da jan tsohon takalminsa, har ya kawo mata ita a kwali. Da rani Auta ta tafi jinyar mahaifinta a garinsu, can bayan tsaunuka, ta tarar da malamar gona tana yi wa mata rijista a gindin wata bishiya. Auta ta shiga layi. Malama ta tambayi sunanta da abin da take nomawa, ta danna nan ta danna can, ta sa ta a gurup ɗin mata manoma na garuruwa daban-daban inda ake tura saƙon murya, ta ce shi ke nan.

Da ruwan farko ya sauka, wayar ta ce damina ta kankama, a yi shuka. Inna ta tura yatsa a ƙasar tsakar gida ta girgiza kai. "Wannan na kwantar da ƙura ne. In kin matsu, shuka rabi ki bar rabi." Dogo ya yi dariya ya ce, "Inna, mutanen nan daga sama suke hangowa da na'ura." Auta kuwa, da ɗokin a ce ta iya, ta juye tukunyar kaf. Daga ranar sama ta ɗauke kamar an kulle famfo, wayar kuma kullum sai ta yi albishir da ruwa.

Dogo ya dawo gab da magariba, hannuwansa baƙi ƙirin da mai, ya tarar labari ya riga shi. Gwaggo, ƙanwar marigayin, ta iso tun ɗazu, ta ɗaure mayafi a ƙugu.

"Ai ga irinta nan! An bar maganar manya an bi ta kwalin roba! Abin da yayana ya bari, abin da ya ci shekaru yana tattali, an kai an soya a rana! Kai kuma ka tsaya min ƙerere kamar turken waya — mijin-ta-ce kawai!"

"Gwaggo, ni na ce ta shuka. Laifina ne."

"Kai ka ce, ko aka ce ka ce? Ka sallame ta kawai, ta je can wayar ta aure ta!"

Auta tana durƙushe, hawaye na ɗiga a kan zaninta. "Inna, don Allah ki yafe min. Wallahi ban yi don raini ba."

Da Inna ta tashi magana, ɗanta ta kalla. "Ba na iya ganin ta yanzu, Dogo. Duk sanda na ɗaga ido na gan ta, tukunyar nake gani. Ta je gida ta huta, mu ma mu huta."

Kowa a tsakar gidan ya san inda irin wannan hutun yake ƙarewa in ya yi tsawo.

Da safe ta cusa 'yan kayanta a jakar buhun da take zuwa gona da ita, don ita ce ta fi kusa da hannu. Dogo ya ɗauke ta a babur zuwa tasha, yana tafiya a hankali kamar mai goyon ƙwai. Da suka isa ya ƙi kashe babur ɗin, wai kada ta ji muryarsa tana rawa.

"Uwata ce, Auta. Ba zan iya ce mata a'a ba."

"Na sani, Maigida. Da ka ce mata a'a, da ni ma na ji kunyarka."

"Amma ba zan sake ki ba. Ko Gwaggo za ta kwana a ƙofar gareji."

Ta so ta yi murmushi, fuskar ta ƙi. Ta gaji har cikin ƙashi, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Garinsu kuwa kore shar. Masarar mahaifinta ta kai gwiwa, kwaɗi na ta kuka a kududdufi, abin ya ƙara mata ɓacin rai. Umma, mahaifiyarta, ba ta tsananta tambaya ba, ta dai miƙa mata tsintsiya da guga, don ta san hannu in yana aiki zuciya na ɗan lafawa. Wayar tana ƙarƙashin filo a kashe, sai da rana tsaka take kunna ta, lokacin da Dogo ke kira da 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila.

"Kin ci abinci?"

"Na ci. An yi ruwa?"

"Ko yayyafi. Gwaggo ta sake zuwa, ta ce za ta tara dangi. Wai in damina ta wuce gonar Baba ba komai, ita za ta san abin yi."

"Inna fa?"

"Tana nan. Ta sa na ajiye mata tukunyar a gefen gado. Ba komai a ciki, amma kullum sai ta leƙa."

Haka kwanaki suka yi ta ja, kowace rana irin ta jiya. Wata ranar, bayan sun gama waya, saƙon nan ya shigo kafin ta kashe. Muryar ta ce za a yi ruwa da iska bayan azahar. Auta ta ja tsaki. Umma kuwa ta miƙe da sauri ta fara kwashe shanya.

"Umma, ki bar kayanki. Maƙaryaciya ce."

"Wa? Wannan? Ke dai! Mu nan tun farkon damina da ita muke shanya. Maƙwabciyata na da irinta, in ta ce ruwa, to nemi bokiti."

Ba a yi la'asar ba hadari ya haɗo, iska ta taso, ruwa ya tsuge. Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yadda yake zuba daga kwano.

"Umma, ranar da wayar ta ce damina ta kankama, a nan an yi ruwa?"

"Kamar da bakin ƙwarya! Kuma tun daga ranar bai yi fashi mai tsawo ba."

Ko ɗaukewa bai gama yi ba ta zari mayafi ta nufi ofishin malamar gona, wani ɗan ɗaki mai warin taki, buhuna a jibge har rufi, wayoyin mutane a jere a kan benci suna caji da sola. Malama ta karɓi wayar ta buɗe taswira, ta ja da yatsu biyu, sai ga ɗan jan ɗigo zaune daram a kan bishiyar da aka yi rijista.

"Innalillahi! Ke ba a nan gonarki take ba?"

"A garin mijina take, Malama. Jinya na zo."

"Wayyo ni! Ai inda mutum yake tsaye nake dannawa, don duk wadda ta zo layin 'yar nan ce. Ke ba ki faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Sori, wallahi sori!"

Auta ta zauna a kan buhun taki, ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Ashe baiwar Allahn nan ba ta taɓa yi mata ƙarya ba, ruwan wani gari take ta ba ta labari, ita kuma ta ɗauki irin mutane ta zuba a ƙasar da ba a yi maganarta ba. Suka duƙufa a kan taswirar, tana kwatance, ga titi, ga dutse, ga kwari, har Malama ta ɗauke ɗigon ta dasa shi a gonar Inna. An gyara. Sai dai gyaran ɗigo ba ya cika tukunya, wannan kuwa Auta ta fi kowa sani.

Washegari Umma ta ɗauko jakar buhun nan za ta wanke, ta juya ta ta kakkaɓe. Wasu 'yan ƙwayoyi suka faɗo daga kusurwa, kaji suka yo kansu a guje. Auta ta yi wani kukan kura ta kore su, har tana gurje gwiwa. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ba su cika cokali ba, farare masu ratsin ja.

Ta daɗe tana kallon su a tafin hannunta. Sannan ta ɗauke su hoto, ta shiga gurup ɗin da ta daina leƙawa don kunya, ta danne wurin magana.

"Salamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni ce wadda ta ƙona irin uwar mijinta, na san wasunku sun ji. Ga abin da ya rage. Don Allah in akwai wadda ta taɓa ganin irin wannan masarar, ko a ina ne, ta taimake ni. Aurena ne a ciki."

Amsoshin farko ba su da wani amfani. Masu jaje suka yi jaje, wata ta tallata mata irin zamani, wata kuma ta turo bidiyon akuyarta da ta haihu, ko me ya haɗa oho. Auta ta fara cewa a ranta ta tona wa kanta asiri a banza. Sai can wata rana da hantsi wani saƙo ya shigo, muryar tsohuwa tana magana da ƙarfi kamar mai kiran wani a hayin rafi.

"Jikata ce ta nuna min hoton nan. Yarinya, wannan ai masarar uwar Dogo ce! Shekarar da gobara ta cinye min rumbu, ita ta cika min gwangwani ta ce in je in shuka. Har yau ita nake nomawa. Ina zan aiko?"

Kamar jira ake. Wata ta ce ranar da aka kai ta ɗakin miji a wani ƙauye, Inna ce ta ƙulla mata a gefen mayafi. Wata ta ce uwarta ta samo a wurin wadda ta samo a wurin Inna, ita ko ganin ta ba ta taɓa yi ba. Auta ta yi ta saurara tana share hawaye, tana maimaita musu kwatancen garejin Dogo. Direbobi suka fara sauke masa saƙo, wannan a leda, wannan a gwangwanin madara, wannan a ƙullin tsumma.

Ranar da ya zo, tun daga nesa ta gane ƙarar babur ɗinsa. Ya gaida Umma da mahaifinta a durƙushe, sannan ya kwance buhun irin da aka aiko daga bayan babur ya buɗe wa Auta. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Hau mu tafi, Auta. Ki kai wa Inna da kanki."

"A'a, Maigida. Ita ta ce in tafi, ita za ta ce in dawo. In na bi buhun nan na shiga, kamar na zo sayen ɗakina ne." Ta ciro wayar daga ƙugunta ta sa masa a aljihu. "Ka kunna mata muryoyin, ta ji mutanenta. Ka gaya mata yadda aka yi da ɗigon. Bayan nan in ta ga dama ta jefa ta a rijiya, na yafe."

"Ni kuma da wa zan riƙa magana da rana?"

"Ka yi da Gwaggo."

Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ya tafi yana waiwaye har ya kusa faɗawa kwata.

Wannan jiran ya fi na baya wuya, don yanzu ko muryarsa babu. Ta yi shara, ta yi wanki, ta taya mahaifinta cire ciyawa, kunnenta na kan hanya. Har ta fara sabawa da tunanin cewa shi ke nan, sai ga malamar gona ta faɗo gidan da rana tsaka, tana haki tana dariya, wayarta a sama.

"Auta! Fito ki ji! Duk gurup an ji, ke kaɗai kika rage!"

Ta danna. Aka ji ƙugi-ƙugi, sannan muryar Inna.

"Yana ɗauka? Dogo, nan zan danne? To. Ke Auta, ni ce. Na ji mutanen nan. Wallahi wasu na manta ma na ba su." Aka ji tana jan hanci. "Jiya an yi ruwa. Na sa yaron nan ya kai ni gona, na tura hannu, ya shige har wuyan hannu. Ƙawar taki ma ta ce za a ƙara. Tunda bakinmu ya zo ɗaya ni da ita, sai shuka. Ni gwiwa ba ta bari, shi kuma layinsa a karkace yake tun yana yaro. Ki dawo ɗakinki, 'yar nan. Na yi fushi ya ishe ni. Gidan ya yi min faɗi."

Daga can gefe aka ji Gwaggo tana cewa, "Ni dama ai ban ce komai ba." Sai muryar Dogo a firgice: "Inna, tsaya — a gurup kike turawa!"

Auta ta durƙushe a tsakar gida ta fashe da kuka, Umma na bubbuga bayanta tana cewa ta yi a hankali.

Da ta koma, ta tarar Inna ta baje masarar a tabarma. Ta durƙusa za ta fara ba da haƙuri, Inna ta ɗaga mata hannu. "Ya wuce. Matso ki ga." Ta raba tarin gida uku da gefen hannunta. "Wannan na gona. Wannan na tukunya, ko wa ya ce ki juye, ko ni ce, kada ki juye. Wannan kuma ki tambaya min a cikin abin nan naku, ko akwai wadda nata ya ƙone bana."

To, haka abin yake. Na'ura ba ta san komai a kanka ba sai abin da ka gaya mata, kuma komai iyawarta ba ta kai a yi watsi da maganar wanda ya tsufa yana taɓa ƙasa ba. Inna ta yi shekaru tana tsaron tukunya, amma ranar da ta tashi nema, abin da ta bayar ne ya dawo mata. Auta kuwa, da ta biye wa zafin rai ta yi wa gidan tsaye, ko da Dogo ya zaɓi ɗaya ya yar da ɗaya, da ba a kai ga wannan ranar ba. Haƙurin da suka yi a gajiye, ba tare da sun san ƙarshensa ba, shi ya riƙe musu auren.

Da yamma, bayan sun dawo daga shuka jikinsu duk laka, Inna ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Me ƙawar taki ta ce game da gobe?" Auta ta gaya mata. Dogo kuwa ya miƙe. Ya ɗauko 'yar kwalbar mai ya tsuguna a bakin ɗakin matarsa yana ɗiga wa ƙofar, alhali ba ta ƙara.